Koyon haɗa kiɗa a kwamfuta bayan shekara arba'in

A Maraɗi, idan aka ce wani yana haɗa kiɗa a kwamfuta, wanda ke zuwa a ran mutane shi ne saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, zaune a ƙaramin shago da aka manna wa soso a bango, yana jiran mawaƙan biki ko na siyasa su kawo masa aiki. Ba a saba ganin magidanci mai iyali, wanda yake da sana'ar da yake ci da ita, ya ware wani yanki na darensa saboda wannan abu ba, balle a ce ba kuɗi ko suna yake nema da shi ba. Ni irin wannan magidancin ne. Da rana ina riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafin aya da gyaɗa, shigarsu da fitarsu, da dare kuwa, bayan sallar isha'i idan yara sun kwanta, nakan buɗe kwamfuta in zauna gaban sauti. Tun ina saurayi nake taɓa abin sama-sama, amma sai da na haura arba'in na ƙudura cewa zan koye shi yadda ake koyon kowace sana'a, wato da tsari, da lokaci tsayayye, da kuma yarda cewa mutum zai daɗe yana fitar da abin da ba ya sauraruwa kafin ya fitar da mai daɗi.

Tambayar farko da na fuskanta ba ta shafi na'ura ba. Yayana ne ya yi mini ita, cikin raha amma da gaske yake, ya ce: "Ƙanena, da girmanka roƙo za ka koma?" Ban ga laifinsa ba, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, makaɗa da maroƙa suna da gidajensu da matsayinsu, kuma wanda ba ɗan gado ba idan ya shiga akan yi masa kallon wanda ya sauka daga inda aka ajiye shi. A garinmu akwai kuma maganar addini, wadda malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma ni ba ni da ilimin da zan raba musu gardama. Abin da na gaya masa shi ne: "Yaya, ba zan tsaya a kan kowa in roƙe shi ba, ba zan bar salla saboda shi ba, kuma ba zan ɗauki kalmar da zan ji kunyar a ji a gidanmu ba." Daga nan bai sake tayar da zancen ba.

Batun kayan aiki shi ne wanda masu farawa suka fi ɓata lokaci a kansa, alhali shi ne mafi sauƙi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, lasifikar kunne mai faɗin gaskiya, ƙaramin akwatin sauti da ke haɗa makirfo da kwamfuta, makirfo guda, da ƴar ƙaramar fiyano sun isa a yi shekaru ana koyo. Galibin irin waɗannan kaya daga Kano ko Katsina suke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Ita fiyanon ba sai mai tsada ba, domin da tsarin MIDI take aiki, wanda aka fito da shi a 1983, kuma ba sauti take aikawa ba, umarni ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, kuma tsawon wane lokaci. Kwamfuta ce ke mayar da umarnin ya zama sarewa ko ganga. Manhajar da matasanmu suka fi sabawa da ita ita ce FL Studio ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda ta fara da sunan FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990, sai kuma Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus, wadda take nan tun 1989. Kowa ya san cewa yawancin waɗanda ke yawo a hannun mutane na sata ne. A ganina magidancin da ya ce da gaske yake bai kamata ya gina aikinsa a kan wannan ba, tunda akwai Audacity da LMMS kyauta, akwai kuma Reaper da ake gwadawa kwana 60 sannan a biya dalar Amurka 60 idan amfanin na ƙashin kai ne.

Inda wahala ta gaskiya take shi ne cewa waɗannan manhajoji ba don kiɗanmu aka ƙera su ba, kuma ba su zo hannu rabbana ba, sun zo da ra'ayinsu game da yadda kiɗa ya kamata ya kasance. Idan ka buɗe FL Studio, abin da za ta shimfiɗa maka shi ne layi mai gidaje goma sha shida kamar gidajen dara, an raba su huɗu-huɗu, kana cike wanda kake so ya yi ƙara kana barin wanda kake so ya yi shiru. Wannan rabon ya dace da kiɗan rawa na Turai da Amurka. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu kuwa uku-uku suke tafiya, zagaye ɗaya yana da bugu goma sha biyu, kuma daɗinsu yana cikin cewa makaɗi ɗaya yana jin sha biyun nan a matsayin huɗu masu uku-uku, wani kuma yana jin su a matsayin shida masu biyu-biyu ko uku masu huɗu-huɗu, duka a lokaci guda, suna saɓawa suna haɗuwa. Manhajar tana iya yin haka, amma sai ka shiga ka sauya mata ƙa'ida da hannunka. Wanda bai san akwai abin sauyawa ba zai ci gaba da cike gidajen da aka ba shi, kuma da sannu kunnensa zai saba har ya ɗauka haka kiɗa yake.

Wannan bai zauna mini sosai ba sai ranar da na gayyato wani dattijo mai kalangu, wanda wani mahauci abokina ya haɗa ni da shi, domin kalangu dama kiɗan mahauta ne tun asali. Na sa masa lasifikar kunne, na kunna masa ƙwanƙwasar nan da manhaja ke yi don kowa ya bi lokaci ɗaya. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya zare ta daga kansa, ya ce: "Ɗana, kashe wannan abin. Ni ake bi, ba ni ke bi ba." Na ce: "To, Baba, Allah ya ba ka haƙuri," na kashe, ya gyara zama, ya matse tsarkiya a hammata, ya kaɗa abinsa. Bayan ya tafi na faɗaɗa hoton sautin a fuskar kwamfuta ina duba inda kowane bugu ya faɗa. Kusan babu wanda ya zauna daidai kan layin manhaja, wasu sun riga layin da ɗan abin da ido ne kawai ke gani, wasu sun makara. Abin lura shi ne, bugun da ya makara a zagayen farko shi ne ke makara a na biyu da na goma, kuma da kusan gwargwado ɗaya. Wannan ba rawar hannun tsufa ba ce, tafiyar kiɗan ce haka. Akwai maɓalli a galibin manhajoji da ke jawo dukkan bugu ya ɗora su kan layi, na gwada shi a kan kwafi don in ji, sai kiɗan ya tsaya cak, komai yana wurinsa amma babu abin da ke sa kafaɗa ta motsa. Hanyar da ta yi aiki ita ce akasin haka: a bar kiɗan dattijo yadda yake, a matsar da layukan manhaja su bi shi, sannan duk abin da za a ƙara a ɗora shi kan tafiyarsa. Aiki ne mai cin lokaci, zagaye bayan zagaye, amma a nan ne na fara jin cewa ina koyon wani abu da ba a cikin darussan intanet yake ba.

Haka lamarin yake a ɓangaren murya. Fiyano ta raba tazarar da ke tsakanin wani amo da ninkinsa gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma an tsayar da ma'auninta a kan amon da ke karkaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Mai gurmi ko mai goge bai san da wannan yarjejeniya ba. Da kunne yake ɗaure tsirkiyarsa, yana nemo inda muryarsa ko ta mawaƙinsa ta fi sakewa, kuma yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan amo biyar suke yawo, waɗanda ba lallai su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba. Kalangu ma ba ya tsayawa a kan amo ɗaya, yana hawa yana sauka gwargwadon matsi, shi ya sa yake iya magana. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, kalma tana da hawanta da saukarta, kuma mawaƙi nagari yana jan muryarsa ne ta yadda ba zai karya wannan ba. Manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, aikinta shi ne ta kama murya ta kai ta ga amon fiyano mafi kusa. Idan aka tsananta ta, duk wani lanƙwasa da gangarowa da mawaƙi ya yi sai ya koma tsalle daga mataki zuwa mataki. Ba na cikin masu cewa wannan sautin ba shi da wurinsa, domin waƙoƙin finafinan Hausa da aka gina kan fiyanon Yamaha da irin wannan gyaran murya sun zama salo mai zaman kansa, kuma jama'a suna son su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da shi ma'aunin kowace waƙa. Kowane mataki na fiyano an sake raba shi gida 100, kuma manhaja tana ba da damar a ɗaga ko a sauke amon kayan kiɗanta da kaɗan daga cikin waɗannan. Saboda haka idan gurmi da fiyano suka saɓa, fiyanon nake lanƙwasawa, tunda ita ce baƙuwa a wurin.

Akwai kuma ƴar ƙarar nan ta ƙarfe mai ƙananan zobba da ake maƙalawa a wuyan gurmi ko garaya, wadda ke zuza tare da kowane taɓi. Darussan tace sauti da ake samu da Faransanci ko Ingilishi suna koyar da mutum ya nemo irin wannan zuza ya yanke ta a matsayin datti. A wurinmu da gangan aka sa ta, kuma gurmin da aka cire masa ita ya zama wani abu dabam. Wanda ya koyi tacewa daga waje ba tare da ya zauna ya saurari makaɗan gida ba zai yi ta share abin da shi ne gishirin kiɗan, yana ganin gyara yake yi.

Ɗaki shi ne abu na gaba, kuma ya fi makirfo tasiri a kan abin da za a ɗauka. Ɗakunanmu na bulo da siminti da rufin kwano suna dawo da sauti ta kowace fuska, har murya ta riƙa fita kamar daga cikin rijiya. Kwalayen ƙwai da ake mannawa a bango ba su yin abin da ake zato. Dalilin lissafi ne: sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka amo mai kauri da ke karkaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawon igiyarsa ya haura mita uku, kuma kwali mai kaurin yatsa ba zai tare shi ba. Ɗaki mai tsawon mita huɗu yana da amon da yake kumburawa da kansa a wajen karkaɗawa 43 a daƙiƙa, da kuma ninke-ninkensa, shi ya sa za ka ji ƙasan kiɗa, wato amonsa mai kauri, ya cika a kusurwa amma ya ɓace a tsakiyar ɗaki. Abin da ke taimakawa shi ne abu mai kauri da laushi: katifa a jingine bayan mai waƙa, barguna masu nauyi a rataye da ɗan rata tsakaninsu da bango, darduma a ƙasa, kabad cike da tufafi. Mafi kyawun muryar da na taɓa ɗauka a wani ɗakin ƙasa mai rufin azara na ɗauke ta, a gidan danginmu da ke Tibiri, inda bangon yake da kauri kuma ba sumul yake ba.

Sauran matsalolin na gari ne, kowa ya san su. Kabu-kabu, injin niƙa, janareton maƙwabta da kukan akuya duk suna shiga makirfo, musamman irin mai saurin ji da ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin sauti. Shi ya sa nake ba mai farawa shawarar makirfo irin na hannu da ake wa'azi ko taro da shi, wanda ba ya kwaso abin da ke nesa kuma yana jure ƙura. Lokacin ɗauka mafi kyau shi ne tsakar dare zuwa gabanin kiran assalatu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, dole a kashe fanka kafin a danna ɗauka, don haka gajeru-gajeru ake yi ana fita shan iska. Da hunturu kuma duk abin da ba a rufe ba ƙura za ta shige shi. Wutar da muke amfani da ita a wannan yanki daga Najeriya take zuwa ta Katsina, kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 lokacin da aka yanke ta saboda takunkumi, ba ta dawo ba sai a 2024. Tun daga lokacin na ɗauki batirin kwamfuta da ɗan faifan sola a matsayin kayan kiɗa. Batirin yana da wani amfanin: idan ka ji wani gurnani mara yankewa a ƙarƙashin abin da ka ɗauka, sau da yawa wutar gida ce mai karkaɗawa sau 50 a daƙiƙa ke shigowa ta caja, kuma zare cajar yayin ɗauka yakan kawar da shi.

Wajen daidaita sauti, tambayar da nake fara yi wa kaina ita ce a ina za a saurari abin. Mutanenmu a waya suke ji, ko a ƴar lasifikar Bluetooth a shago, ko a rediyon mota, kuma ta WhatsApp ko katin waya kiɗan zai iso musu bayan an matse shi. Lasifikar waya ba ta fitar da amo mai kauri sosai, saboda haka kiɗan da duk nauyinsa yake ƙasa zai zama fanko a can. Abin da nake yi shi ne in tabbatar cewa ganga da muryar ƙasa suna da wani abu a tsakiya da kunne zai kama ko da ƙasan ya ɓace, sannan in tura wa uwargida a wayarta in ce: "Maman yara, saurara mini wannan, kina jin kalmomin?" Idan ta ce sai ta kasa kunne kafin ta gane abin da ake faɗa, to muryar ta nutse, komai daɗin da ta yi mini a lasifikar kunne. Asalin aikin kuma a WAV nake ajiye shi, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, wanda minti ɗaya yake cin kusan megabait goma, MP3 kuwa mai cin kusan megabait ɗaya a minti shi ne na rabawa. Kunne ma yana buƙatar tattali, domin jin amo mai siriri yana raguwa da shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a ƙarfin sauti desibel 80 na awa 40 a mako. A hankali nake kunna sauti, ina hutawa a tsakani, kuma ba na yanke hukunci a kan aikin da na yi da dare sai na sake jin sa da safe.

Babba yana da abin da ya fi yaro da shi a wannan fage, yana kuma da abin da yaro ya fi shi. Ba shi da lokaci, hannunsa ba ya saurin sabawa, kuma girman kai yana iya hana shi zama gaban ɗan cikinsa ya ce bai gane ba. Ni na je wurin wani matashi mai situdiyo a unguwar Zariya, na biya shi kuɗin koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami, kuma abin da ya nuna mini da hannu a zama kaɗan ya fi abin da na daɗe ina kallo a bidiyo. Abin da babba yake da shi kuwa shi ne haƙuri da sanin darajar kammala abu. Aikin lissafi ya koya mini cewa littafin da ba a rufe ba ba a san riba ko faɗuwarsa ba, don haka ba na fara sabon kiɗa sai na kai na hannuna ƙarshe, na fitar da shi, na rubuta a littafi abin da ya yi kyau da abin da ya gagare ni. Manhaja tana sa buɗe sabon shafi ya zama da sauƙi ƙwarai, kuma na san mutane da dama da kwamfutarsu ke cike da farkon kiɗa babu ko ɗaya da ya kai ƙarshe.

Tunda aikina ya karkata ga ɗaukar makaɗan gargajiya, sai maganar haƙƙi ta shigo, kuma ba na wasa da ita. Bugun kalangun da aka ɗauka yau ana iya yanka shi a saka a kiɗa ɗari, mai shi bai sani ba. Kafin in kunna makirfo nakan yi wa makaɗi bayani a gaban wani nasa: abin da zan yi da sautin, cewa ba zan sayar ko in ba wani ba sai da izininsa, da kuma abin da zan biya shi na zaman ranar, wanda ba kyauta ba ce irin ta roƙo, ladan aiki ne. Nakan ɗauki wannan yarjejeniya da muryoyinmu a farkon faifan, tare da sunansa da garinsa da sunan kiɗan da kwanan wata, sannan in sa masa kwafi a katin waya ya tafi da shi. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasar Nijar, BNDA, inda ake rajistar ayyuka, kuma idan wata rana wani abu daga cikin waɗannan zai fita kasuwa, da sunan makaɗin za a rubuta shi. Dattijon nan mai kalangu ya ce bayan girbi zai dawo da yaransa biyu masu karɓa masa, wanda ke nufin ina buƙatar akwatin sauti mai ƙofa huɗu maimakon biyu, kuma na fara ware kuɗinsa daga albashin wannan wata.